Yadi Ashirin da Biyu na Labule

"Yaya ta ce ba ta yarda ba."

Nas ya faɗi maganar kansa a ƙasa, yana juya makullin babur a yatsa kamar makullin ne ya yi masa laifi. Suna tsaye a inuwar katangar makarantar ƴan mata inda Malama take koyarwa. An tashi ɗalibai, mai gadi har ya tura ƙyaure ɗaya. Fararen kayan asibiti ne a jikinsa, da gani daga wajen aiki ko gida bai biya ba.

Malama ta ƙanƙame littattafan da ke ƙirjinta.

"Ba ta yarda da me ba?"

"Da auren."

Shekara biyu ke nan suna tare. A asibiti suka haɗu, lokacin da Babanta yake kwance ciwon ajali, Nas ne mai juya shi, mai ɗaura masa ruwa, mai tsokanarsa har sai ya yi dariya. Shi kuwa ba uwa ba uba sai Yayarsa, tela ce, da keken ɗinki ta raine shi tun yana ɗan firamare. In Yaya ta ce a'a, babu kawun da zai ɗaga ƙafa ya je nema masa aure.

Makon jiya Yaya ta zo gidan su Malama, zuwan farko, don ta ga yarinyar da idonta. A bakin kujera ta ɗosana, mayafinta a jikinta, lemon da aka ajiye mata ko kallo bai ishe ta ba. Minti ashirin ta miƙe.

"Me na yi mata?" Malama ta tambaya. "Har ƙasa na durƙusa na gaishe ta. Ko wani abu aka faɗa mata a kaina?"

"Ba ke ba ce. Labulenku ne."

"Labule?"

"Da za ta fita ta shafa shi. Kin san Yaya, yatsunta sun fi tef ɗin awo. Ta ce yadi ashirin da biyu ne a falon nan, kuma shi kaɗai ya cinye albashina na wata biyu, ban da kujeru, ban da kafet." Ya ci gaba. "Ta ce ku masu hali ne, ke ƴar hutu ce, an saba miki da abin da ba zan iya ba. Wai in na aure ki, ko dai in faɗa cin bashi don in riƙe ki, ko ki raina ni kafin shekara. Ta ce ba ta taka keke shekara ashirin don ta ga an zo an yi min kwasar kaya saboda bashi ba."

Wata irin dariya ta taso wa Malama, ta rikiɗe ta zama kuka.

"Kar ki yi kuka, don Allah. Na yi mata rantsuwa ba haka kike ba." Ya yi murmushin da ba na daɗi ba. "Amma in faɗa miki gaskiya, Malamata? Tun da kuka canza falon nan, ni kaina tsoronsa nake. Ina da wata safa da ta huje a babban yatsa. Duk ranar da na manta na sako ta, in na cire takalmi a ƙofarku, sai in cusa ƙafar ƙarƙashin kujera har in tashi tafiya. Ba ki taɓa lura ba ko?"

Ba ta taɓa ba. Ina za ta lura da ƙafarsa, ita da hankalinta yake kan kujerar da yake zaune a kai?

"Ki ce wani abu mana."

Maganar tana bakinta, gajeriya ce, numfashi ɗaya ya ishe ta: labulen nan bashi ne. Ta buɗe baki, ta dubi fuskarsa, fuskar mutumin da yake ɓoye mata hujin safa, sai ta fasa faɗa.

"Ka gaida Yaya," ta ce, ta juya da sauri.

* * *

Katin yana cikin ƙaramin aljihun jakarta, bayan katin shaidar aiki, shuɗi, mai sheƙi, ba shi da nauyin komai.

Shekara uku da suka wuce mutanen banki suka zo ofishin malamai da murmushi da biro na kyauta. Duk mai albashi ana ba shi kati, ya saya yau, ya biya a hankali. Malama ta karɓa ne kawai don kowa ya karɓa. Wata biyu bayan nan Baba ya faɗi a banɗaki, aka fara wankin ƙoda, katin ya fito daga aljihu. A kan wannan ba ta taɓa nadama ba, ko gobe aka dawo mata da Baba za ta sake zura shi.

Abin da ya biyo baya ne take jin kunyarsa.

Kowane ƙarshen wata takarda tana zuwa. A ƙasanta akwai wani ɗan akwati da ƙaramin adadi a ciki, mafi ƙarancin abin da za a biya. Malama ta ɗauka shi ne kason wata, in ta yi ta biya, bashin zai yi ta zaizayewa har ya ƙare. Wata goma sha huɗu tana biya a kan kari, har tana yaba wa kanta. Ranar da ta zauna ta jera takardun a kan gado ta duba babban adadin na sama, sai ta ga kusan yana nan inda ta bar shi. Ashe kuɗin ruwa take ciyarwa, uwar kuɗin ko gezau.

Kuma wace ce wannan? Malamar darasin tattalin gida. Ita ce mai tsayawa gaban allo da alli tana cewa, "Ƴan mata, a raba kuɗin shiga gida uku: na ci, na buƙata, na ajiya. Kada wadda ta sayi abin da aljihunta bai kai ba." Ɗalibai su rubuta, ta bi ta sa musu maki da jan biro.

Ta so ta tsaya daga nan. Amma gida sai an ci, fanshon Baba kuma kullum Umma cewa take bai isa ba. Sai ga maganar zuwan Yaya. Umma ta tsaya a tsakiyar falo, hannu a ƙugu, ta dubi tsofaffin kujerun Baba da soso ya leƙo ta hannunsu.

"A nan za mu sauke dangin miji? Su koma su ce gidan marayu suka je? Wallahi ba da ni ba. Ɗauko katin nan."

Ta ɗauko. Kujeru, kafet, teburin gilashi, da labule mai nauyi ruwan zuma, tun daga sama har ƙasa. Yanzu abin da ake bin ta ya kai albashinta na wata bakwai cif, in ko ƙwandala ba ta taɓa a albashin ba.

An sayi falo don a burge mace ɗaya a duniya, falon kuma ya kore ta.

* * *

Tun daga kan kwana ta hango wata farar mota a ƙofar gidansu, ta gane ta.

Mai Kujeru ne, mai babban kantin da suka yi sayayyar. Ya haura arba'in da biyar, matarsa ta rasu bara, kuma tun ranar da ya ga Malama a kantinsa ya tsiri zuwa duba ko kujerun suna lafiya, sai ka ce marasa lafiya ya kwantar a gidan. Yana zaune a kan mai zaman uku, ya baje, yana shafa hannun kujerar.

"Malama, malama! An dawo? Kin ga kayan kirki ko? Shekara goma ba za su lotsa ba."

Ta gaishe shi a taƙaice za ta wuce, Umma ta harare ta, dole ta zauna.

"Dama ina ce wa Hajiya," ya rage murya kamar mai jaje, "ranar da kuka dawo sayen fitilar ado, yarana sun ce injin ya ƙi karɓar katinki. Sau uku ana zurawa. Na ce musu duk wanda na ji maganar a bakinsa a bakin aikinsa. Ai sirrin gida sirrin gida ne."

Malama ta ji kamar an tuɓe mata ɗankwali a tsakiyar kasuwa. Ta kafa ido a kan kafet.

"Irin wannan ƙaramin abu ne a wajena. Waya ɗaya zan buga a goge shi. Ni dai ba na son in ga ƴar mutunci tana wahala, alhali ga inda za ta huta." Ya miƙe yana gyara hula. "A yi shawara, Hajiya. Ba na gaggawa, amma kin san ni da lissafi."

Umma ta raka shi har ƙofa tana ta godiya, godiyar da ta yi wa Malama yawa a kunne. Da ta dawo ta tarar da ƴarta a durƙushe a gaban kujera.

"Umma, Yayarsa ta hana auren."

"Ta hana? A kan me? Me ta gani a gidan nan na rainawa?"

"Ba rainawa ta yi ba. Cewa ta yi mun fi ƙarfinsu. Labulen nan ta taɓa."

Umma ta ja tsaki, ta zauna.

"To ai shi ke nan, Allah ya raba ki da wahala. Ga wanda ya san darajarki yanzu ya fita."

"Umma, sayena zai yi."

"Rufa miki asiri zai yi! Ke yarinya ce, ba ki san abin da ake nufi da a nuna ka da baki a unguwa ba. Babanki har ya koma ga Allah ba wanda ya taɓa jin kanmu."

"Ni Nas nake so, Umma. Shi ya riƙe hannun Baba ranar da ni na kasa shiga ɗakin." Hawaye suka ɓalle mata. "Ki bar ni in faɗa wa Yayarsa gaskiya. In ce mata ba masu kuɗi ba ne mu, bashi ne."

Umma ta dafe ƙirji.

"Ki faɗa wa wa? Tela? Matar da mata ɗari suke zama a shagonta kullum? Kafin la'asar an gama da mu a gari! Ki bari in na mutu sai ki yi, ba sai na gani ba."

"In na yi shiru na rasa shi. In na yi magana wataƙila in rasa shi. Gara in rasa shi a kan gaskiya, Umma, da in rasa shi a kan labule."

"Ba ki san komai ba," Umma ta ce, muryarta ta karye ta wata irin hanya da Malama ba ta gane ba. "Wallahi ba ki san komai ba."

Ta tashi ta shige ɗaki, ta murza makulli.

* * *

Kwana biyu Malama tana shiga aji tana fita kamar wadda aka zare wa laka. A rana ta uku, bayan an tashi, ta nufi shagon Yaya.

Shagon ɗan ƙarami ne, kekuna biyu, ƙyallaye ko'ina. Yaya tana kan keke, tabarau a karan hanci, tef a wuya. Ta ɗago, ta ga mai sallama, ƙafarta ta tsaya.

"In roƙo kika zo, ƴar nan, kin makara. Ba ƙin ki nake ba, ƙanena nake ji."

"Ba roƙo na zo ba, Yaya. Labule gare ni na sayarwa, yadi ashirin da biyu. An ce kin san kuɗinsa. Ina so ki zo gida ranar Lahadi ki yi masa kuɗi."

Yaya ta sauke tabarau, ta dube ta.

"Ƙarfe goma," ta ce, ta ci gaba da taka kekenta.

Ranar Asabar dillalin tsofaffin kaya ya zo da motar ɗaukar kaya. Malama ta durƙusa a ƙofar ɗakin Umma ta faɗa mata abin da za ta yi, ba a amsa ba, ba a kuma hana ba. Dillalin ya zagaya kujerun, ya danna nan, ya taɓe baki can, ya taya rabin kuɗinsu, kujerun da ko wata biyu ba su yi ba. Ta sallama, har da kafet da teburin gilashi.

Fitar da su ne tashin hankalin. Mai zaman uku ta ƙi wucewa ta ƙofa sai da aka karkata ta, masu ɗauka suna ta ihun "ɗaga can, sauke nan", har duk layin ya fito kallo. Matar gidan da ke kallon nasu ta leƙo da kwano a hannu.

"Malama, ƙaura za ku yi ba sallama?"

"A'a. Sayarwa muka yi."

"Au, sababbi za a kawo ke nan?"

"A'a," Malama ta ce. "Ba za a kawo ba."

Matar ta ce "Allah sarki", ta koma ciki da saurin da ya nuna akwai waɗanda za ta ba labari.

Da motar ta tafi, Malama ta taka kujerar kicin ta sauke labulen da hannunta, ƙugiya bayan ƙugiya. Haske ya faɗo falon gaba ɗaya. Ta ninke shi a kusurwa, ta ɗauko tsohuwar tabarmar Baba a bayan ƙyaure ta shimfiɗa.

* * *

Goma daidai ta ji tsayuwar babur. Nas ne ya kawo Yaya. Ta ji tana ce masa ya jira a waje, ba daɗewa za ta yi ba.

Yaya ta yi sallama, ta sako ƙafa, ta tsaya cak. Ta dubi bango, ta dubi tagogi tsirara, ta dubi sawun ƙafafun kujeru a ƙasa.

"Ɓarayi ne suka shigo muku?"

"Bismillah, Yaya, zauna."

Ta zauna a bakin tabarma, mayafi a jiki kamar wancan zuwan. Malama ta ajiye mata ruwa a kofin roba, don lemo babu. Sannan ta ɗauko wata jakar leda ta zazzage a tsakaninsu. Takardun banki ne, talatin da shida, ta jera su wata bayan wata. A kansu ta ɗora shuɗin katin.

"Kin ce mu masu hali ne." Ba ta iya ɗaga ido ba. "Ba mu da komai, Yaya. Kujerun da kika zauna a kai bashi ne. Kafet bashi ne. Lemon da kika ƙi sha ma da katin nan aka saye shi. Albashina na wata bakwai ake bi na, da kuɗin ruwa a kai, ni da nake koya wa ƴaƴan mutane tattali. Don ke muka sayi labulen, don kada ki raina mu."

Kuka ya ci ƙarfinta. Ta yi ƙoƙarin tsayar da shi, ya ƙi.

"Abin da kike tsoro ya same shi, ni ya riga ya same ni. In kika hana shi aurena yanzu, kin yi daidai. Ni dai ba na so ki hana a kan ƙarya."

Yaya ta sa tabarau, ta ɗauki takarda ta farko, ta bi ta da yatsa kamar mai duba ɗinki. Ta ɗauki ta biyu, ta goma, ta ashirin.

"Wannan na asibiti ne?"

"Na Baba ne."

"Wannan ba abin kunya ba ne. Wannan kuma?" Ta nuna ɗan akwatin ƙasa. "Shi kika yi ta biya?"

"Na ɗauka shi ne kason wata."

"Kai! Malama guda?" Yaya ta girgiza kai. "Ai wannan ba don ki fita aka rubuta shi ba, don ki zauna ne."

Ta cire tabarau, ta goge shi da bakin mayafi, ta daɗe tana gogewa.

"Kekena na farko bashi na ci na saya. Na kasa biya wata uku. Rana tsaka suka zo, shago cike da mata, da rigar wata a ƙarƙashin allura, suka ɗaga shi. Yaron nan yana shekara tara, ya rungume ƙafar keken yana ihu har sai da aka ɓamɓare yatsunsa. Tun ranar na rantse ba zai sake ganin irin wannan ba." Ta ja numfashi. "Da na ga falonku, keken nan na gani."

Ta buɗe jakarta, ta zaro babban almakashi mai baƙin mariƙi, ta ajiye a kan tabarma.

"Yanka."

Malama ta ɗauki almakashin. Katin ya yi tauri, sai da ta sa hannu biyu, ya ce ƙas, ya rabu.

"Kuɗin kujeru gobe ki kai su banki gaba ɗaya, ki ce a zuba a kan uwar kuɗin, ki karɓo shaida. Labulen zan raba shi gida huɗu, ina da masu so. Daga wannan watan, abin da ke cikin akwatin nan sau uku za ki riƙa biya, ko da gishiri za ku ci abinci. Takardar kowane wata ni za ki kawo wa." Ta kafe ta da ido. "Macen da ta iya fitar da kujerunta a gaban maƙwabta, zan iya ba ta ƙanena. Asabar mai zuwa zan turo kawunnansa. Amma ki dube ni. Wannan shi ke nan? Babu wani a ɓoye?"

"Wallahi, Yaya, shi ke nan. Na rantse da Allah babu saura."

Sai aka ji makulli ya juya.

Umma ta fito. Kwana biyar kawai, amma ta zabge, idanunta sun kumbura. Ba ta dubi kowa ba. Ta tako har bakin tabarma, ta durƙusa, ita da ko gaban mijinta Malama ba ta taɓa ganin ta durƙusa haka ba. Ta kwance bakin zaninta, ta ajiye wani abu kusa da guntayen shuɗin katin.

Kati ne, ja, da tambarin kantin Mai Kujeru.

"Kada rantsuwarta ta kama ta," Umma ta ce da dusasshiyar murya. "Ba ta sani ba. Akwai wannan."

"Umma..."

"Gado ne, da katifa, da firiji, da injin wanki. Suna sitonsa, na ce ya ajiye sai ranar aurenki. Ban so ki shiga gidan miji hannu rabbana a ce don ba ki da uba ne. Da fanshon Babanki nake biya, shi ya sa kullum nake ce miki bai isa ba. Wata uku ke nan na kasa." Ta rufe fuska da tafukanta. "Ya kai albashinki na wata huɗu. Shi ya sa yake shigo mana gida yadda ya ga dama yana neman aurenki, ni kuma nake masa godiya."

Malama ta ji ƙasa tana juyawa da ita. Yanzun nan ta rantse, yanzun nan aka ce Asabar. Ta dubi jan katin, ta dubi uwarta a durƙushe gaban baƙuwa, ta rasa wanne ya fi ƙona mata rai.

Yaya ta miƙe tsaye.

Shi ke nan, Malama ta ce a ranta. Ta runtse ido don kada ta ga fitarta.

Ba ta ji takun tafiya ba. Da ta buɗe ido, sai ta ga Yaya ta zare mayafinta, ta ninke shi gida huɗu, ta ajiye a kan tulin labulen. Ta dawo ta zauna sosai a tsakiyar tabarma, ta tanƙwashe ƙafa, ta ɗauki kofin roba ta shanye ruwan tas.

"Asabar dai ta tashi," ta ce. "Ba zan turo kowa ba sai jan nan ya mutu. Tashi, Hajiya, ki daina durƙusa min, kin girme ni. Kayan suna sito, ba a kwance ledarsu ba?"

Umma ta gyaɗa kai.

"To gobe da ƙafata za mu je, ni da ke, ya karɓi kayansa ya soke abin da zai soke. Abin da ya rage a biya shi da kuɗi, ba da yarinya ba." Ta tura almakashin gaban Umma. "Bismillah."

Sannan ta juya wajen taga, ta ɗaga murya.

"Kai kuma da ka yi tsaye a nan kamar sandar fitila, gidan babu labule, tun ɗazu muna ganin ka. Shigo."

Malama ta daskare. Ta manta da taga. Ta manta cewa da hannunta ta sauke abin da yake tare ta. Ke nan ya ji komai, wata bakwai, wata huɗu, ɗan akwatin da malamar tattali ta kasa karantawa, har da Mai Kujeru.

Ta ji sallamarsa, ta ji yana cire takalmi a ƙofa. Ta sunkuyar da kai har haɓarta ta taɓa ƙirji. Da ƙasa za ta tsage a lokacin, da gudu za ta shige.

"A lissafina shekara ɗaya da rabi ne, in an ɗaure ciki," Yaya ta ce masa. "Babu biki, babu komai, sai an gama. In ba za ka iya jira ba, ka faɗa yanzu a gaban uwarta, kowa ya kama gabansa."

Malama tana jin bugun zuciyarta a kunne. Fuskarsa ba za ta iya kallo ba, ƙasa kawai take gani, da gefen tabarma.

Sai ga ƙafafunsa sun shigo inda idonta yake. Ya zauna, ya miƙe su a kan tabarmar Baba, a fili, gaban kowa. Safar nan ce. Babban yatsan ya leƙo ta hujin, bai janye shi ba.

Ya jawo takardar farko gabansa.

"Malamata," ya ce, "ara min jan biron nan naki."